Curi na Ɗari Biyu da Sha Uku

Ƙarfe biyar a agogon bango, ƙarfe biyu a kan sikeli,
banadiyam ɗaya, alminiyam ɗaya.
Ruwan Nagoya na tsiyaya a jikin taga,
ni kaɗai na rage, ni da murhu.
Na zuƙe iskar tukunya, na rufe fuska,
na kunna wutar da ba a yi mata kallon ƙurilla.
Suka narke, suka dunƙule,
ɗan curi, bai fi ƙwan kurciya ba.

Abin da muke roƙonsa kamar wasa:
gefe guda zafi, gefe guda sanyi,
shi ya tsaya tsakani ya haifi lantarki,
ba abin da ke juyawa, ba ƙara, ba hayaƙi.
Amma ƙarfe karamcinsa ya yi yawa.
Ya buɗe wa lantarki ƙofa,
zafi ya biyo sawu ya shige ba sallama,
kan ka ƙifta ido gefen sanyi ya ɗumama,
allurar ma'auni ta kwanta, ta ƙi ko motsi.

Malama Chizuru ta ce, tana ɓare lemu da farce:
"Umezawa, mai gadi nake so, mai son kai,
ya ce wa lantarki wuce abinka,
ya ce wa zafi ina takardarka."

Sai muka shiga ɓata tsari da gangan.
Zafi rawa ce, ƙwaya ta miƙa wa ƙwaya,
to muka zare banadiyam kaɗan daga sahu
muka dasa tangistan mai nauyin tsiya,
rawar ta zo kansa ta yi tuntuɓe.
Muka niƙa curi ya koma gari, muka matse,
iyaka bayan iyaka, kowace da shingenta.
Wani muka tsoma shi yana ja wur cikin ruwan ƙanƙara
don ƙwayoyin su sandare a tsaitsaye
kafin kowa ya gano kujerarsa.

Na casa'in da bakwai ya tsage a hannuna.
Na ɗari da arba'in ya tare zafi sarai,
ya haɗa da lantarkin ya tare.
Garin gyaran gira mun tsone ido.
Ranar Chizuru ba ta ci lemu ba.

Ɗalibinta Tadokoro, mai saurin baki,
ya ce ga teluriyam can yana aiki, me muke wahala?
Ta ce je ka tambayo kuɗinsa,
ka tambayo nawa ya rage a ƙasa,
sannan ka tambayi huhun mai haƙo shi.
Ƙarfe kuwa yana ƙarƙashin kowace gada.

Ban ce komai ba. Na tuna babana,
shekara talatin da ɗaya a masana'antar bakin teku,
gashin hannunsa duk ya ƙone.
Yakan nuna mini bututun hayaƙi da haɓa:
"Zafin da muke zubarwa sama a dare ɗaya
zai dafa shinkafar unguwarmu har bazara."
Bai san sunan tangistan ba.
Ya san ɓarna in ya gan ta.

Na yanka curin yau, siriri kamar ashana,
na ɗaura masa wayoyi huɗu, na ba shi zafi ta ƙasa.
Allura ta ɗaga.
Ba da yawa ba. Gashi ɗaya sama da na makon jiya.
Na sake aunawa, don ido maƙaryaci ne in yana so.
Ta sake ɗagawa.

A watan Maris zan ajiye aiki.
Ba zan ga ranar da za a manna irinsa
a salansar babur ko bangon murhun masana'anta ba,
in ma ranar tana tafe.
Na rubuta lambar da fensir, na ja layi biyu,
na bar mata a kan tebur, kusa da ɓawon lemu.

Ruwa bai tsaya ba. Jirgin ƙarfe bakwai ya wuce ni.
Na wanke tukunya,
na ɗora ƙarfe biyu a kan sikeli.