Ƙafata ta Hagu

Ƙafata ta hagu tana da tuni,
in na shiga fadama ita ke zuwa ƙarshe,
tana jan layi a taɓo kamar garma.
Shekara talatin da huɗu ba ta yafe ba.

Ran kasuwar Zauro wani mai jakar fata ya sauka,
ya tafasa allura guda a gwangwanin madara,
ya jera mu bakin rumfa, mu tara, ɗuwawu waje.
Bai tambayi sunana ba, balle nauyina.
Ya soka inda jijiya ke kwance.
Zazzaɓi ya tafi abinsa,
ƙafar ta raka shi, ba ta komo ba.

Bana, shinkafa na ɗaukar ciki,
sauro na kiɗan gurmi a kunnen kowa,
Lubabatu ta kwanta, 'yar autata.
Jiki kamar tukunyar da aka sauke yanzu.
Abin da aka ɗura mata duk ya dawo,
kwana na uku ido ya juye, haƙora suka datse,
na kira sunanta, ba ta amsa ba.

Nomau ƙanena ya ce, "Ga yaron kemis nan kusa,
hannunai da sauƙi, allura biyu gobe ta tashi.
Mi za a kai mu Birni?"
Na ɗage wando zuwa gwiwa, na nuna masa.
Bai ƙara ba.

Babur ɗin Arzika, mu uku da uwarta a tsakiya,
ni a baya ina riƙe da ƙafar da ba ta riƙe kanta.
Hanyar Ambursa ban san ta da tsawo haka ba.

Nas ɗin 'yar Zuru ce, Rifkatu,
mai tabarau ɗaure da zare a kunne guda.
Ta tsaga yatsa, ɗigo ɗaya, muka zuba ido,
layi biyu suka fito a ɗan farin katako.
Ta ɗora ta a sikeli: kilo goma sha huɗu.
Likita ya duba, ya lissafa, ya rubuta, ya sa hannu.
Ni dai ina tsaye ina ƙirga
abubuwan da ba a yi mini ba.

A gabana ta yage ledar sirinji.
Ta haɗa garin da ruwansa, ta kaɗa har ya washe,
ta lalubi jijiya a bayan hannu, a hankali,
kamar mai dashe a ruwa.
Ta rubuta lokaci a kati: la'asar.
Allurar ta jefa a kwali mai ruwan ɗorawa,
wadda ta shiga can ba a sake ganin ta ba.

Ta biyu kafin kiran asalatu.
Ta uku da la'asar ta zagayo.
Can cikin dare wata 'yar murya ta ce, "Baba, kunu."
Uwarta ta juya wa bango fuska,
ni kuma tari ya kama ni, ba kuka ba.

Da safe na naɗe tabarma.
Na ce tsuntsaye na can na cinye mini gona.
Rifkatu ta dube ni ta saman tabarau:
"Allura ta kashe harshen wuta, Malam Tunau,
garwashi yana nan ƙarƙashin toka.
Ga ƙwaya, kwana uku, safe da dare, bayan ta ci.
Ko ta hau bishiya gobe, a ƙarasa."
Na karɓa da hannu biyu, ban yi musu ba.

Jiya muka je korar tsuntsu.
Ta ruga gaba a kan kunya, tana kaɗa gwangwani.
Na tsaya ina duban taɓo:
sawunta biyu-biyu, dama da hagu, zurfi ɗaya,
nawa a gefe, sawu guda da dogon layi.
Na daɗe a nan.
Tsuntsayen sun ci rabonsu, ban kore su ba.