Farin da Ya Shiga Kunne

Shekara talatin da kunne nake ci.
A Maiwurno, bakin Shuɗin Nilu,
in injin ban ruwa ya yi tari a gonar ayaba,
ni ake aiko wa yaro.
Ba na kwance ƙusa sai na saurara:
wannan zobe ne ya saki,
wancan bel ne ke kuka,
wannan kuwa ƙishin mai yake ji, ba wani abu ba.

Farin ya fara a gindin babban yatsa
kamar ɗigon nono a bayan tukunya.
Na ce baƙin mai ne ya ci fatar,
na goge da yashi, na goge da sabulu.
Ya haye wuyan hannu, ya zagaye baki,
ya zana mini taswirar ƙasar da ban taɓa zuwa ba.
Albaras, in ji tsofaffinmu.
Maƙwabta Larabawa suka ce bahak.
Wani a kasuwar Sinnar ya karɓi kuɗina da bakin riga.
Duk wannan na iya da shi.
Abin da ido ya gani ai da sauƙi.

Gyare ne suka fara tafiya, ba sallama.
Na ce wa Batula, daminar bana ba ta da surutu.
Ta dube ni, ta ajiye butar jabana.
Sai awarwaronta suka yi gum,
hannu na motsi, ƙarfe na haɗuwa, babu labari.
Daga nan kalmomi suka soma zuwa ba kai:
jikata Rumaisa ta ce tsaya, na ji aya,
ta ce fita, na ce ita wa?
Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ranar da ban yi ba,
Mudassir ne, yaron da na koya wa riƙon sifana,
ya ce, Usta, ba ka jin fiton nan?
Na ce inji lafiyarsa ƙalau.
Kafin la'asar ya ƙone ƙurmus.
Ayabar mutane ta yi kwana tara tana kallon kogi.

A Wad Madani suka sa ni ɗaki mai kaurin bango,
suka ce danna in ka ji.
Na zauna ina jiran ƙara,
ashe ta zo ta wuce sau biyar.
Likita Ihlas ta juya hannuna kamar mai karanta wasiƙa.
Ta ce marinan da ke ba fata launi
suna da 'yan'uwa can cikin kunne,
a wani lungu mai siffar katantanwa,
kuma wani lokaci abin da ya tashe su a waje
yakan bi su har ɗaka.
Ba kowa ba, in ji ta.
Kai kuwa, ko shi ne, ko rugugin injinan da ka tsufa a ciki,
ko sun haɗa baki.

A motar komawa na yi ta kallon yatsuna.
Ashe kullum ana rubuto mini saƙo,
ni kuwa ina neman sabulu.

Yanzu mun raba aiki.
Mudassir na riƙe da siraran sautuka,
ni na ɗora farin tafina a kan ƙarfe,
abin da kunne ya ƙi, ƙashi ya gaya mini.
Rumaisa ta koyi tsayawa a gabana kafin ta buɗe baki.
Ta ce tabon wuyana tsibiri ne,
har ta sa masa kwale-kwale da biro.

Da dare, in wuta ta ɗauke,
nakan ce, Batula, suna nan?
Ba ta amsawa.
Sai ta kama hannuna, wanda ya fi fari,
tana ɗan bugawa da farce,
daidai yadda suke yi a bayan katanga.