Taimako a Kulle

Ƙarfe bakwai, shagon Barau a Dilimi,
sanyin Jos ya riga ni hawa kujera.
Albashin direbobi goma sha ɗaya ya ƙi daidaita,
sai na danna Taimako.

Taimako ya buɗe ƙofa, ɗaki wayam.
Ga kanun batutuwa a jere ta hagu,
dama kuwa fari fat, kamar faranti bayan walima.
Wani ɗan rubutu can sama:
an tsare wannan don lafiyarka.

Lafiyata?
Ni na zo da tambaya,
aka ce mai amsar ne abin tuhuma.

Barau ya ajiye shayinsa, ya ja linzami.
Ya ce fayil ɗin daga waje ya zo,
burauza ta buga masa hatimin baƙo,
ko shekara nawa ya yi a injin nan, baƙo ne.
Na yi shiru. Na san maganar nan a wani wuri.

Muka kutsa saitin tsaro, shinge bayan shinge,
kamar hanyar Bukur ranar da gari ya ɗaure fuska.
Na ce a kwashe su duka mu huta.
Ya ce ba a cire ƙyaure don makulli ya cije,
wannan ɗaya kawai za mu ce mun san shi.

Ya ɗage masa. Shafi ya cika da baƙaƙe.
Amsar layi biyu ce tak:
waƙafi na sa inda ɗigo ya kamata.

Nefa ta ɗauke kafin in adana.