Huɗu Ne, Ba Uku Ba

Na shiga Bagalam da tambaya a aljihu,
wadda aka rubuta mini tun a ofis:
me kuke gani game da taron manya?
Inna Tasalla ta dube ni,
ta dubi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta ci gaba da tsinkar zogale.
"'Yar nan, taro bai ci mini akuya ba.
Lambatu ya ci."

Sai na nannaɗe tambayar, na zauna.
Tabarma ta fi kujerata sanin gari.
Abarshi mai kabu-kabu ya kashe babur,
ya naɗe wando ya nuna mini tabo.
Laure ta ce tun daminar bara
ba ta aiken yaro bayan magariba.
Wani tsoho bai ce komai ba,
sanda kawai ya zura a ramin
har ta nutse.

Da dare na rubuta, na ji daɗin kaina.
Amma kafin in kai wa rediyo
na komo gindin bedi na karanta musu,
don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Awaki uku," na ce.
"Huɗu ne!
Jar nan ta Tunau tana da ciki,
ko abin da ke ciki ba rai ba ne?"
"Talakawa suna kuka," na ce.
Laure ta tafa hannu:
"Wa kika ga yana kuka?
Mun tara jikka tara da kanmu,
mun sayi siminti buhu biyu.
Sa wannan. Goge kukan."
Na goge.
Jimlar da na fi so ce a cikin duka.

Ranar Laraba labarin ya fita,
muryata kaɗan, tasu da yawa,
har da tarin tsohon nan mai sanda.
Lamiri ta aiko mutum biyu da shebur ɗaya.
Rabin ramin ya rufu.
Rabin yana nan, baki buɗe, yana jiran Agusta.

Jiya da hantsi yaro ya yi sallama a ofis,
kwanon kwaɗon zogale a kansa, ƙuli ya ji.
"In ji Inna, ki ci,
in kin gama ki zo da wayar nan taki.
Mai famfo ya ƙara dala a kan jarka."