Zango Ɗaya a Ngaundare

Wata huɗu aka rubuta min.
Na sauka Dang da akwati ɗaya
da Faransancin da na haddace a Gusau,
wanda ya kasa saya min ko tumatir:
mai tumatir Fillanci take ji.

A aji malam na zuba kamar ruwan Agusta,
ni ko ina tara da cokali.
Hissen ɗan Abeshe ke ara min littafinsa,
in biya shi da yajin Inna.

Ruwan garin nan ba ya sallama.
Jar laka ta cinye min takalmi biyu.
Daren da zazzaɓi ya kayar da ni,
Dada Asta mai gidan haya ta kwana a kaina
tana min faɗa da harshen da ban sani ba,
na kuwa gane kowace kalma.

Sakamako ya fito, na sha da ƙyar.
Gobe mota.
Na je yi wa mai tumatir bankwana,
ta ce, "Sai da ka iya ciniki za ka tafi?"
Ina hanya na tuna
ba da Hausa ta faɗa ba.