Ƙoƙon Koci Ubaldo

Shekara uku na tsare masa raga a Kumo,
ni Gidado, da ke faci yanzu a bakin tasha.
Ran da ya sauko daga motar Gombe
jaka ɗaya gare shi, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa,
da wani ɗan ƙoƙo mai bakin azurfa
da yake ɗura wa ganye, ya tsotsa da tsinken ƙarfe.

Muka ce, daga ina?
Ya ce, Yurugwai.
Bappayo ya ce, ta wajen Yola ne?
Muka bushe da dariya, shi ma ya taya mu,
bai san abin da ake wa ba.

Da kara ya zana mana rayuwarsa a ƙasa
bayan firamare, inda muke atisaye:
nan garinsu, bakin kogin da ba a hango ƙetarensa,
nan ƙasar da ta saye shi yana ɗan sha tara,
nan inda sanyi ya hana shi barci damina biyu,
nan inda wani mai lamba huɗu ya shigo masa ta baya,
ƙashi ya ce ƙas, filin ya yi tsit.
Ƙasa bakwai. Riga goma sha ɗaya.
Sai akuya ta ratsa ta kan zanen, ta share rabi.
Ya dube ta, ya gyaɗa kai.
Malam Iliya mai fassara ya ce,
wai haka ma abin ya faru.

Hausarsa ba ta wuce canjin mai shayi ba:
tashi, kuma, sannu.
Da su ya juya mu kamar waina a tanda.
Ya hana mu dogon bugu.
Wai ƙwallo ba wasiƙa ba ce,
kada ka aika ta garin da ba ka san kowa ba.

Albashi ya maƙale wata biyar,
ciyaman ya daina ɗaga waya.
Agogon hannunsa ya ɓace ranar Talata,
ranar Laraba muka ga takalma shida sababbi.
Ba wanda ya tambaya.

Ganyensa ya ƙare.
Ya gwada zogale, ya gwada na'a-na'a,
har ganyen lemun gidan Hammayo.
Ya yamutsa fuska, amma bai ajiye ƙoƙon ba.
Wata yamma ya miƙo mini.
A garinsu, wai, ba a shan abin nan mutum ɗaya.
Na tsotsa. Maɗaci ya fi shi sauƙin kai.
Na haɗiye, na miƙa wa na kusa.

Sai wasan Bajoga, ana yayyafi,
saura minti biyu, alƙali ya nuna ɗigo.
Ya sha gaya mini: bar ƙafa, ƙafa maƙaryaciya ce,
ƙugu za ka duba.
Na dubi ƙugu. Na tashi dama.
Ƙwallo ta bi hagu, a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa.

A mota ba mai magana.
Wajen Gombe ya dafa kafaɗata,
ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga yatsu biyu.
Ban gane ba: sau biyu ya zubar, ko sau biyu aka cuce shi?
Malam Iliya na barci.
Ya ce, sannu.
Can kuma ya ce, tashi.

Bayan salla wata ƙasa ta kira shi, ta takwas.
Wasu sun ce yana koyar da yara a bakin wani teku,
wasu sun ce ya koma gida, ba wanda ya gane shi.

Ƙoƙon yana nan, ya bar mini.
Ƙananan ƙusoshi nake zubawa a ciki,
waɗanda nake zarowa daga tayoyin mutane.
In na tura tif cikin ruwa ina neman inda iska ke fita
nakan tuna da ƙugun yaron nan na Bajoga.
Har yau ina nan a kan bakata:
dama ya nuna.