Gurbi Bakwai

Takarda talatin da ɗaya na tara
kan tsargiyar yaran bakin gulbi,
tun daga Argungu har gangaren Yawuri.
Na baje su kamar mai shanyar shinkafa,
na ce yau zan auna su da mudu guda,
in ji ko maganin nan ya yi ko bai yi ba.

Sai ga gurbi bakwai a jadawalina,
giɓi a bakin lissafi.
Wani ya ce yara ɗari biyu ya duba,
bai ce nawa suka warke ba.
Wata ta ƙirga maza tsaf,
'yan mata kuwa kamar ba su taɓa shiga ruwa ba.

Na zauna a ofishinmu na Birnin Kebbi,
fanka ta tsaya, janareto na tari,
na rubuta: Ranka ya daɗe, Farfesa,
a shafi na huɗu, layi na tara,
akwai adadin da ba ka sa ba.
Na goge, kada ya ji kamar zargi,
na ce wataƙila idona ne.
Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba.

Saƙo biyu suka dawo kafin in sha ruwa:
babu mai wannan adireshi.
Na uku ya amsa bayan mako shida,
wai kwamfutar ta bi ɓarawo a tashar Jega.
Na huɗu ya ce gobe.
Goben nan ta yi azumi, ta yi salla,
ta ga an yanke shinkafar fadama,
har yau ba ta iso ba.

Dakta Magawata kuwa, matarsa ta ɗauki waya.
Na gaishe ta, na soma bayani,
ta ce, “Ɗiyata, bara muka rasa shi.”
Na tsaya da tambayata a hannu
kamar wadda ta zo bin bashi ta tarar da makoki.
Ta ce akwai akwatinsa ƙarƙashin gado,
gara ta ci rabi,
rabin da ta rage rubutun likita ne,
ko ita ba ta taɓa iya karanta shi ba.

Labbo, abokin aikina, ya ce,
“Kulu, ki ƙiyasta mana,
ki toshe ramin mu wuce, wa zai sani?”
Na ce ramin da aka rufe da ciyawa
shi ke karya ƙafar na baya,
kuma na baya a nan yaro ne, ba mu ba.

Ranar Laraba da hantsi
sai ga tsoho a ƙofa, buhun taki a hammata.
Malam Nomau ne, daga Yawuri.
Shi ya leƙa kwalabe a madubi shekara ashirin baya,
sunansa bai hau takardar ba.
Ɗan ƙanensa ne ya ce masa ana cigiya.
Ya zaro littafi mai shatin ambaliya,
ya lashi yatsa, ya bi layi:
Hakama, Ige, Ɗanjumma, Tumba,
kowanne da alamarsa da shuɗin biro.
“Tamanin da huɗu suka warke.
Sha ɗaya iyayensu sun bi kifi,
ba mu sake ganinsu ba.”
Ya karɓi ruwa, ya ƙi kuɗin mota.
“Na san za a tambaya,” in ji shi,
“ban dai zaci za a daɗe haka ba.”

Na cike gurbi ɗaya.
Shida na bar su fari fat,
na rubuta ƙarƙashinsu da ƙananan baƙaƙe:
mun tambaya sau uku, ba a amsa ba.
Sannan na jawo kujera,
na sake gaida mai gobe,
na tambaye shi iyali.